Ku ajiye ma'aunin zafin jiki kusa da gadon yaro

Iyaye 'yan uwana, idan ɓargon ɗanku ya gaza samar da jini, ku sayi ma'aunin zafin jiki. Ba shi da tsada.

A zafin Sakkwato, taɓa goshi da hannu yaudara ce. Ku auna a hammata. Idan zafin ya kai digiri 38 na Salshiyas, ku wuce asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kada ku fara da farasitamol, yana ɓoye zazzaɓin.

Fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙaranci, garkuwar jiki ba ƙarfi, ƙaramar cuta kan bazu cikin sa'o'i. Zuwa da wuri ya sha rage mana kwanakin jinya.

Amma fa wani lokacin jikin ba zafi, sai kasala da ƙin abinci. Nan ma kada ku jira.

Allah ya ba yaranmu lafiya.