Yadda Ake Ƙara Saurin Tura Fayiloli Tsakanin Kwamfuta da Ma'ajiyar NAS

Masu ɗaukar bidiyon biki a Tudun Wada da Unguwar Rimi, da ƙananan ofisoshin da ke kan titin Ahmadu Bello, da yawansu sun koma ajiye aikinsu a cikin akwatin ajiya da ake haɗawa da rauta (na'urar raba intanet), wanda ake kira NAS, domin kowace kwamfuta ta samu fayil daga wuri guda. Kukan da aka fi ji shi ne na jinkiri, kuma abin da mutane suka fi gaggawar yi shi ne sayen sabuwar na'ura. Wannan gaggawa asarar kuɗi ce, domin fayil yana ratsa matakai da dama kafin ya isa ma'ajiya, kuma matakin da ya fi rauni shi ke yanke wa sauran sauri. Aikin farko shi ne aunawa.

Ka ɗauki babban fayil guda, kamar bidiyo mai gigabait 5, ka kwafa shi zuwa ma'ajiyar, ka lura da lambar da Windows ke nunawa. Kamfanoni suna rubuta saurin haɗi da megabit, ita kuma tagar kwafi tana nuna megabait, kuma bit 8 ne ke yin bait guda. Saboda haka haɗin gigabit, wato megabit 1000 a daƙiƙa, ba zai wuce megabait 125 ba ko a lissafi, a zahiri kuwa yana tsayawa tsakanin 110 da 115. Idan abin da ka gani ke nan, babu abin da ya lalace, ka kai ƙarshen ƙarfin layinka ne. Idan kuwa lambar ta kafe a kan 11 ko 12 ba ta motsi, to akwai wani wuri a hanya da ke aiki da megabit 100 kacal. Bambancin ba ƙarami ba ne: aikin biki mai gigabait 50 zai ci kusan minti 75 a ƙaramin saurin, alhali a gigabit bai kai minti 8 ba.

Mafi yawan lokaci laifin na kebul ne, don haka a nan ya kamata a daɗe. A cikin kebul ɗin akwai sirarun wayoyi 8 da aka murɗa bibbiyu. Haɗin megabit 100 guda 4 kawai yake amfani da su, gigabit kuwa sai da dukkan 8 ɗin. Idan mai matse kan kebul bai tura waya ɗaya ta kai ƙarshe ba, ko ɓera ya gutsiri guda a cikin silin, matuƙar wayar ba ta cikin guda 4 da megabit 100 ke amfani da su, intanet ba za ta yanke ba, fitilar rauta za ta ci gaba da ƙyaftawa, amma na'urorin za su sauka zuwa megabit 100 ba tare da sun sanar da kowa ba. Domin tabbatarwa, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka buɗe haɗin Ethernet, za ka ga an rubuta 100 Mbps ko 1.0 Gbps. Ka duba irin wannan a shafin sarrafa ma'ajiyar ma, tun da kowane ɓangare da nasa kebul.

Wajen saye, kebul na Cat5e ya isa gigabit har nisan mita 100, Cat6 kuma ya fi shi inganci. Abin kiyayewa shi ne kebul mai araha da ake yi da alminiyon a shafe shi da jan ƙarfe, wanda galibi ake rubuta CCA a kwalinsa. Ka roƙi mai shago ya yanko ɗan guntu, ka kankare waya ɗaya da reza: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, ka mayar masa da kayansa. Irinsa yana saurin karyewa a bakin kai, kuma ba ya jure dogon nisa.

Bayan kebul sai rauta. Rautoci da yawa masu ɗaukar layin waya ramukansu na megabit 100 ne. Maganinsa ba sauya rautar ba ne. A sayi ƙaramin suwic na gigabit, wato akwatin da ke haɗa na'urori da juna ta kebul, mai ramuka 5 ko 8, a jona kwamfutoci da ma'ajiya a kansa, sannan a ja kebul guda daga suwic zuwa rauta. Fayiloli za su riƙa wucewa ta suwic kai tsaye, rauta kuma ta tsaya ga raba intanet. Ya kamata a sani cewa wannan kwafi ba ya cin data ko kaɗan, kuma ƙarfin sabis ɗin unguwa bai shafe shi ba. Game da Wi-Fi, ra'ayina shi ne a bar shi ga wayoyin hannu. Idan ya zama dole, a zaɓi zangon 5 GHz a kuma matso kusa, domin bangon bulo yana rage masa ƙarfi ƙwarai.

Wani lokaci babban fayil yana tafiya lafiya, amma jakar hotuna dubu goma tana jan ƙafa. Dalili shi ne kowane fayil sai an buɗe shi, an rubuta, an rufe, an kuma jira amsar ma'ajiya kafin a taɓa na gaba. Ana iya dunƙule su a fayil ɗin zip guda, ko a yi amfani da robocopy da ke cikin Windows, wanda ke tura fayiloli da dama a lokaci ɗaya:

robocopy D:\Hotuna \\NAS\Aiki /E /MT:16

Alamar /E tana kwashe har jakunkunan ciki, /MT:16 kuma tana buɗe hanyoyin kwafi 16 a tare. Haka nan a duba cewa ma'ajiyar tana amfani da SMB3, wato tsarin musayar fayil tsakanin kwamfuta da ma'ajiya, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, a kashe tsohon SMB1, domin ga jinkiri ga raunin tsaro.

Idan har yanzu ba a gano ba, manhajar iperf3 tana auna layi kaɗai ba tare da ta taɓa faifan ajiya ba. Idan ta nuna kusan megabit 940, layin lafiyarsa ƙalau, sai a koma kan faifai. Akwai faifai iri biyu, SMR da CMR. Faifan SMR yana fara rubutu da sauri, can kuma ya faɗi warwas idan aikin ya yi tsawo, don haka CMR ya fi dacewa da ma'ajiya. Bayan ɗaukewar wuta ba zato, ma'ajiyar takan shafe sa'o'i tana binciken faifanta, kuma a lokacin komai yana tafiyar hawainiya, shi ya sa ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, ke da amfani a nan. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar akwatin, sai zafin Maris da Afrilu ya same shi a haka, don haka a riƙa hure shi.

Wanda ya kai megabait 110 kuma bai ishe shi ba, mataki na gaba shi ne haɗin gigabit 2.5, wanda aka amince da ƙa'idarsa a 2016. Yana aiki a kan Cat5e ɗin da ke cikin bango, yana ba da kusan megabait 280 a daƙiƙa, amma sai kwamfuta da suwic da ma'ajiya duk sun iya shi. Kwamfutar da ba ta da irin wannan rami ana jona mata adafta ta USB, da sharaɗin a sa ta a ramin USB 3.0, domin tsohon USB 2.0 ƙarshensa megabit 480 ne.