Yadda ake samo fim baƙi da fari na manyan kamarori daga Maraɗi

Duk kamarar da fim ɗinta ya wuce inci 8x10, wato irin su 11x14, 7x17, 12x20, 14x17 har zuwa 20x24, ba kasafai ake shiga kanti a ce a ba ni kwali ɗaya ba, ko a Turai ma. Galibi sai an yi oda an jira. Mai aiki da ita a Maraɗi dole ya tsara shekararsa a kan wannan jiran.

Kafin ka tura ko dala, auna gidan fim ɗinka, wato mazubin da ake zura fallen fim a ciki kafin a sa shi a bayan kamara. Zare murfin, ka auna faɗi da tsawo daga cikin ramin da fim ke zamewa, da milimita. Girman da ke rubuce a kwali suna ne kawai, ainihin fallen yakan gaza shi kaɗan, kuma tsofaffin gidajen fim na 7x17 da 12x20 ba dukansu aka ƙera a kan awo ɗaya ba. Falle ya yi yawa da milimita biyu, zai tanƙware, tsakiyar hoto ta dushe. Ya yi kaɗan, zai fice daga ramin ya faɗa cikin kamara sa'ad da ka ja murfi. Kada kuma ka haɗa awon santimita da na inci: 30x40 ba 12x16 ba ne, ko da ido ya ga kamar ɗaya ne.

Babbar ƙofa ita ce Ilford, masana'antar fim ta Ingila. Sau ɗaya a shekara, wajen Afrilu ko Mayu, takan buɗe karɓar odar manyan girma na makonni kaɗan, ba tare da ta ce sai ka sayi kaza ba. Fim ɗinta HP5 Plus mai ISO 400 (ISO shi ne awon saurin jin haske) da FP4 Plus mai 125 su ne suka fi yawan girma, galibi falle 25 a kwali. Ba da kamfanin kai tsaye ake ciniki ba, sai ta dillalan da ke cikin jerinsu, kuma kayan ba sa fitowa sai bayan watanni. In ka rasa lokacin, sai baɗi. Ga waɗannan kamarori HP5 Plus ya fi dacewa, domin ana tsuke idon kamara zuwa f/45 ko f/64, haske kaɗan ke shiga, sai fim mai sauri, ga kuma iskar da ba ta barin ganye da riga su tsaya. Na Kodak, Tri-X da T-Max, ana samu ta odar taro da Keith Canham, maƙerin manyan kamarori, ke haɗawa a Amurka, sai masu so sun cika kafin a yanka. Fim ɗin Efke da aka daɗe ana dogaro da shi ya daina fita tun 2012, wanda ka gani yanzu tsohon ajiya ne, kada ka biya shi da tsada.

Hanya ita ce ta fi kashe fim. Ka roƙi dillali ya riƙe kayan har Nuwamba ko Disamba, domin kwalin da ya kwana biyu a rumfar kwano ko bayan motar Yamai cikin zafin bazara, ya haura digiri 40, yana iya isowa da hazo a jikinsa. A liƙa takarda da Faransanci cewa fim ne, haske na ɓata shi, kuma wanda zai karɓa a duwan ya san haka, don buɗe baƙar ledar ciki sau ɗaya ya isa a yi asarar kwalin duka. In ɗan uwa ne zai riƙo a jirgi, kada ya sa a jakar da ake aunawa, kuma ya nemi a duba da hannu, saboda sabbin na'urorin duba kaya na CT a filayen jirgi suna lalata fim a wucewa ɗaya. Da ya iso, a sa a leda mai rufewa a firijo. Ran aiki a fito da shi tun dare, kada a buɗe sai ya huce, in ba haka ba raɓa za ta manna fallayen.

Na yau da kullum kuwa, fim ɗin radiyo na asibiti, wato na ɗaukar hoton ƙashi (X-ray), ya fi sauƙi, kuma masu sayar da kayan likita a Yamai ko Kano ne wurin tambaya. Falle 100 ne a kwali, kuɗinsa bai kama ƙafar na Ilford ba. Amma ka tabbatar irin na wankewa da ruwan magani ne, mai jin koren haske. Busasshen da injin kwamfuta ke bugawa ba ya aiki a kamara ko kaɗan, kuma shi ya fi yawa a yanzu. Girman santimita 35x43 shi ne inci 14x17, in ka raba shi biyu ta tsawo ka samu 7x17 guda biyu. Ana iya yankan a ƙarƙashin jan fitila mai rauni, tunda ba ya ganin ja, sai a goge tebur da ɗanyen tsumma saboda ƙurar hunturu.

Yana da halinsa. Maganin jin haske na fuska biyu ne, ga taushi in ya jiƙe, ƙasan faranti kaɗai na iya karce shi. Shimfiɗa gilashi a ƙasan farantin, ka wanke falle ɗaya-ɗaya, da safar roba. Jan kaya yana fita baƙi, fatar mutum ma tana ƙara duhu, don haka a hoton fuska sai an ƙara haske. Fara gwaji a ISO 50 da 100, da maganin wanke fim na Rodinal kashi 1 cikin ruwa 100, a digiri 20, wanda a nan sai da ƙanƙara. Yi gwajin da ƙananan yanka a gidan 4x5, ka rubuta sakamakon a jikin kwalin, domin wani kwalin yana iya zuwa da nasa saurin.