Yadda za ka tsara fatanka na littafin duniyar wasa mai kama da ƙasarmu

Duk lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya sanar da littattafan da zai fitar, mu 'yan tsirarun da ke buga wasansa na Dungeons & Dragons a Sakkwato sai hira ta koma wuri ɗaya: yaushe za a yi littafin duniya mai kama da ƙasarmu? Ga wanda bai saba ba, wasan nan mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa ya riƙe jarumi ɗaya, jagoran wasa yana jan labari, in an zo inda ba a san yadda za ta kaya ba sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20. Littafin duniya shi ne ke ba jagora ƙasar da labarin zai gudana a cikinta: taswira, birane, sarakuna, dodanni, da dokokin da suka dace da wurin. Mun ga an farfaɗo da tsofaffin duniyoyin wasan, Spelljammer da Dragonlance, a 2022, an dawo da Planescape a 2023, don haka ba laifi ba ne mu ma mu sa rai.

Damuwata ita ce yawancin fatan da nake ji a bakin abokai bai wuce "a sa rawani, a sa dawaki, a sa hamada" ba. Wanda ya roƙi wannan, abin da zai samu shi ne jarumin Turai na da, an cire masa hular ƙarfe an naɗa masa rawani, komai na rayuwarsa yana nan yadda yake. Fatan da zai yi amfani shi ne wanda jagora zai iya ɗauka yau da dare ya buga da shi. Ga yadda nake ganin za a tsara shi.

Ka fara da shafi ɗaya tak. A 2002 Wizards ta buɗe gasar neman sabuwar duniya, kuma abin da ta nema a zagayen farko shafi ɗaya ne. An aika sama da 11,000. Wadda ta ci ita ce Eberron ta Keith Baker, aka buga ta a 2004. Shafin nan ya amsa tambayoyi kaɗan: su wa jarumai, me suke yi kullum, wa ke hana su, kuma me ya raba wannan duniya da sauran. In amsarka ta ƙi shiga shafi ɗaya, ba ka gama tunani ba tukuna.

Ka kuma san abin da aka riga aka yi, don kada ka roƙi abin da ke kasuwa. Al-Qadim ta 1992 ta ɗauki ƙasashen Larabawa. Dark Sun ta 1991 ta cinye maganar hamada da ƙishirwa. Nyambe ta 2002 da littafin Mwangi Expanse na kamfanin Paizo a 2021 sun yi Afirka. Wurin da nake ganin har yanzu akwai fili shi ne ƙasar da ke tsakanin rairayi da kurmi: birane masu ganuwa, fadama, mahayan dawaki, marina da majema, da fatake masu haɗa su. Wannan gurbin za ka nuna da yatsa.

Sai babban aiki, wato ƙashin bayan duniyar. Shawarata kada ka gina ta a kan masarauta ɗaya, ka gina ta a kan hanya. Dalilina na wasa ne zalla. Jarumai huɗu masu sana'a daban daban suna bukatar abin da zai haɗa su tafiya, kuma ayari ya riga ya warware wannan tun zamanin kakanni. Akwai madugu mai yanke shawara da biyan kuɗin fito. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da ruwa. Akwai uban dawaki. A kowane zango akwai mai masauki da ke ajiye kaya, ya samo dillali, ya tsaya wa baƙo a gaban hukuma. Kowanne daga cikinsu mutum ne da jagora zai iya ba murya da buri da asiri.

Ka zana hanyoyi biyu su gicciye a birninka. Ta arewa ita ce ta gishiri, irin wadda ayarin Buzaye ke bi daga Agadas su keta Tenere zuwa Fachi da Bilma, su dawo da kantu a kan raƙuma. Ta kudu maso yamma ita ce ta goro, irin wadda fatake suka bi ta Jega da Yawuri, su haye Kwara, su ratsa Borgu har Salaga a ƙasar Gwanja. Dubi abin da goro ke yi wa labari: kaya ne mai rai, sai an riƙa buɗe huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ƙwaro ya shiga. Kowace ranar da jarumai suka ɓata suna faɗa da wani abu a daji, dukiyar ayari na raguwa. Jagora ba ya bukatar ƙirƙiro wani agogo na sihiri don ya matsa musu, goron ya isa.

Kowace duniya tana son kango, inda jarumai za su shiga da fitila. Ba sai mun ari na kowa ba. Surame tana nan cikin jiharmu, birnin Kanta na Kabi tun ƙarni na 16, da ganuwarta ta dutse. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, tana wajen Sabon Birni. In kana da hali ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin gari, ka tsaya gaban tsofaffin makamai da kayan sarauta, ka rubuta abin da idonka ya gani. Amma ka ari siffar kawai, ka ba birninka sabon suna. Zan dawo kan dalili.

Yanzu ka mai da kowane fata ya zama doka. Nan ne yawancin masu fata ke gajiya, nan ne kuma nake ganin duk daɗin yake.

Ɗauki zafi. A littafin jagora na bugun 2014, in zafi ya kai kusan digiri 38 kuma babu ruwan sha, kowace sa'a jarumi zai jefa ƙwaya don kada gajiya ta kama shi, kuma mai sanye da sulke mai nauyi ya fi shan wuya. Su a wurinsu wannan yanayi ne na ba-safai-ba. Mu kuwa a bazara, watan Afrilu, digiri 40 abin yau da kullum ne. Saboda haka ka nemi littafin ya raba shekara huɗu yadda muke raba ta, damina da kaka da hunturu da bazara, kowanne da dokarsa. A bazara tafiyar dare da asuba, da rana a fake. A hunturu hazo ya rage nisan da maharbi ke gani. A damina gulbi ya cika, mashaya ta ɓace, sai an nemi yardar sarkin ruwa da masu fito. Mai lifidi da sulke shi ne sarki a fili da kaka, amma in ya kuskura ya fita da su tsakar rana a bazara ya kashe kansa da dokinsa.

Doki ma haka. Ka sa doka cewa duk dokin da ya wuce wata iyaka zuwa kudu yana cikin haɗarin ƙudan tsando da sammore. Da wannan layi ɗaya ka bayyana me ya sa mahayan arewa ba su mallake kurmi ba, me ya sa fataken goro suka dogara da jakuna da 'yan alaro, kuma ka tilasta wa barde ya zaɓi tsakanin dokinsa da abokan tafiyarsa.

Kuɗi kuma ka nemi wuri maimakon zinariya. Keso ɗaya, wuri 20,000, kaya ne na ƙato guda. Jarumin da ya ci taska ba zai zuba ta a aljihu ya wuce ba, sai ya nemi masu ɗauka, ko ya canza ta zuwa turkuɗi da jar fatar akuyar Sakkwato, ko ya bar ta amana wurin mai masauki. Daga nan bashi da amana da suna suka shigo wasa.

Suna kuwa shi ne abin da na fi so a ba shafuka masu yawa. A dokar yanzu akwai jarumi mawaƙi da ke ƙara wa abokinsa ƙwaya in ya zuga shi. Namu ya fi haka zurfi. Ka nemi kowane jarumi ya sami kirarinsa, yana tsawo duk lokacin da ya yi abin bajinta, kuma in makaɗi ya saki kalangu ya ambace shi a fagen fama, tsoro ya sake shi. Ɗaya gefen kuma zambo: maroƙin da aka hana kyauta ya riga ayari isa gari na gaba, ƙofofi su rufe. Ka ƙara da wasan taubasantaka, irin na Gobirawa da Yarbawa, ko Fulani da Barebari, ko Buzaye da maƙera, inda akwai wanda zai faɗa wa babban mutum magana mai zafi a fada kuma ba a taɓa shi. Sauran sana'o'in ba su da wuya: ɗan tauri, maharbi, wanzami, maɗori, gardi mai kura, ɗan dambe. Dodanni kuma tatsuniya ta tanada, daga Dodo mai tsare ruwa har Gizo da ba a cinsa da ƙarfi sai da wayo.

Sai iyaka, kuma wannan ka rubuta ta da babban baƙi a cikin shafinka, domin ba wanda zai rubuta mana ita. A wasan nan duk abin da aka ba lambar ƙarfi a littafi ana iya kai masa sara. Don haka Shehu Usmanu, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Nana Asma'u, da duk malaman da muke ziyartar hubbarensu ba su shiga wasa, ko da sunan girmamawa ne. Ayar Alƙur'ani da addu'a ba su zama makamin da ake jefa wa ƙwaya. Shi ya sa na ce a ba birane sababbin sunaye, a bar duniyar ta zama ta tatsuniya a fili. Rukunin jarumin da ke samun ƙarfi daga gumaka mu a zamanmu mun ajiye shi, aikin warkarwa muka ba wanzami da maɗori, kuma wasa bai rasa komai ba. Kada a mai da wata ƙabila ta zama ita ce mugaye. Bauta ta faru a tarihin hanyoyin nan, littafin ya faɗe ta da nauyinta, kada ta zama ganimar da jarumi ke lissafawa. Sannan ka tuna a cikin masu zama da kai ana iya samun wanda danginsa ke Isa ko Sabon Birni. Labarin mahara sun faɗa wa ƙauye da dare ba nishaɗi ba ne a wurinsa, ka tambaya kafin ka buɗe shi. Maganar ƙwaya ma ka fayyace: babu kuɗi, babu caca, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba ana iya rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu a zuba cikin hula a riƙa zara.

Kafin ka aika wa kowa, ka buga shi. Ka ɗauki zango ɗaya, mutum uku da jagora zai yi wa murya, da matsala ɗaya. Mu a zauren gidanmu da ke Runjin Sambo muka gwada, bayan sallar isha'i, an shimfiɗa taswirar da aka zana a bayan kwali, garuruwa kuma 'ya'yan dabino. Ayari ya iso bakin gulbi, sarkin ruwa ya ce ba mai hayewa sai an biya abin da wani ayari ya ci bashi bara. Abokinmu mai riƙe da barde ya riga ya ɗauki ƙwaya zai zare takobi. Ƙanena, wanda ke riƙe da wanzami, ya dafa hannunsa ya ce, "Yaya, dakata. Wanga mutum tun ɗazu yana dafe da ƙeya. Bari in yi mai ƙaho." Ya zauna ya yi wa sarkin ruwa ƙaho, suna hira, har ya gano bashin ba na kuɗi ba ne, ɗiyarsa ce ta bi wancan ayari ba ta dawo ba. Daren nan ba a zare takobi ba, kuma sai da aka kashe fitila mutane na gardamar ko a bi sawun yarinyar ko a tsere da goro kafin ya lalace. Duk dokar da ta haifar da irin wannan gardama ka riƙe ta. Wadda ba wanda ya tuna da ita a zaman, ka goge.

Daga nan sai inda za a kai shi. Wizards na fitar da dokokin gwaji da sunan Unearthed Arcana, kuma bayan kowanne takan buɗe takardar jin ra'ayi. Ka cike ta, in akwai gurbin rubutu ka sa layi biyu ko uku daga shafinka, da Turanci mai sauƙi, ka ambaci doka ɗaya takamaimai maimakon "muna son Afirka". Amma ni ban ga dalilin zaman jira ba. Tun Janairun 2023 kamfanin ya saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar, wanda ake kira SRD 5.1, ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Ma'ana kana iya rubuta duniyarka a kan waɗannan dokoki, da Hausa, ka raba ko ka sayar, muddin ka sa layin da ke nuna inda dokokin suka fito kuma ba ka taɓa sunaye da duniyoyin da ba sa cikin takardar ba. Shafin intanet na DMs Guild an yi shi ne don masu rubutu a cikin duniyoyin kamfanin, saboda haka sabuwar duniya taka ta fi dacewa da shafukan sayar da wasanni irin DriveThruRPG ko itch.io. Ka yi shi PDF marar nauyi wanda zai buɗe a ƙaramar waya kuma ya wuce ta WhatsApp ba tare da cin data ba, baƙi da fari don mai son ya buga a shagon hoto-kwafi. Ka duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai a rubutun da ka zaɓa, sannan ka ba wani jagora wanda ba ya cikin zamanku ya buga da mutanensa ba tare da kana wurin ba, ya dawo maka da jerin wuraren da ya tsaya yana neman bayani.