Hoton Nukiliya a Binciken Tarin Fuka: Yadda Ake Shirya Masa

Mai tarin da ya wuce mako biyu ba da hoton nukiliya zai fara ba. Ya kai kakinsa asibiti, nan Katsina ko Daura, a saka a na'urar GeneXpert. Kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma cikin kamar awa biyu na'urar ke nuna ƙwayar cutar, har da ko ta bijire wa maganin rifamfisin.

Hoton nukiliya, wanda ake ce wa PET-CT, yana shigowa ne idan ana zargin cutar ta ɓuya a wajen huhu: ƙashin baya, ciki, ko kaluluwar wuya. Sai likita ya rubuta takarda, kuma a tabbatar da rana kafin a hau mota.

Abin da ake ɗurawa a jijiya sukari ne da aka liƙa wa sinadari mai fitar da tururin nukiliya, ana ce masa FDG. Duk inda kumburi yake, nan sukarin ke taruwa, wurin ya haska a hoto. Ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk minti 110, shi ya sa makara ke ɓata aikin.

Awa shida kafin allura a bar abinci. Ba fura, ba shayi, ko alewa. Amma fa ba azumin Ramadan ba ne, ruwa zalla a sha sosai. Kwana ɗaya kafin ranar a bar aikin ƙarfi, domin tsokar da ta wahala takan zuƙe sukarin ta rufe abin da ake nema. Mai ciwon suga ya faɗa tun wuri. Idan awon sugan jini ya haura 200 mg/dL, galibi ɗaga ranar ake yi. Mai ciki ko shayarwa ita ma ta sanar.

Bayan allura a kwanta shiru na awa ɗaya, a lulluɓe, ba hira ba taunar cingam. Sanyi yakan sa kitsen wuya da kafaɗa ya haska, a ɗauka cuta ce. A yi fitsari, sannan a shiga na'ura, minti 20 zuwa 30 ba motsi. Ranar a ɗan nisanci jarirai da masu juna biyu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne karatun sakamako. Ciwon daji ma haka yake haskawa, hoton ba ya raba su. Aikinsa ya nuna wa likita inda zai tsakuro nama ko ruwa, a kai ɗakin gwaji a tabbatar.