Yadda Ake Gane Katakon Baƙin Walnot na Amurka

Duk wanda ya ce maka teburin nan walnot ne, kada ka tsaya kallon samansa. Kife shi, ka sa wuƙa ka ɗan kankare ƙasan ƙafa. Idan launin ƙasa-ƙasa mai duhu ya bi har ciki, to, an fara magana. Idan fari ya leƙo, rini ne aka yi wa katako mai arha, ko kuma farin gefen walnot ɗin aka rina.

Itacen nan, Juglans nigra, a gabashin Amurka yake fitowa, jihar Missouri ta yi suna da shi. Cikinsa kalar cakulan ne, wani lokaci da ɗan ratsin shuni-shuni, amma gefen da ke bin ɓawo fari ne tas. Masu yanka a can sukan turara shi da tururi don farin ya dusashe, shi ya sa wani allon za ka gan shi launi ɗaya, ya ɗan yi toka-toka. Ni dai wanda ba a turara ba na fi so.

Sai ka duba bakin allon inda zarto ya ratsa. Ƙananan ƙofofin da ke jikin katakon kan fara da ɗan girma, su riƙa ƙanƙancewa sannu a hankali har ƙarshen zoben shekara, wato da'irar da itace ke ƙarawa duk shekara. Ka ɗaga shi kuma: busasshe kilo 610 ne ko kusa da haka a mita ɗaya ta kowace fuska, bai kai katakon iroko nauyi ba. Tsohon walnot haske yake yi a rana, ba duhu ba, don haka kujera mai launin zuma ba lallai jabu ba ce.

Wurin aiki ba ya gardama. Yana sassaƙuwa, yana riƙe gam, ba ya yawan kantarewa, shi ya sa ake gindin bindiga da shi. Mai kawai za ka shafa masa; fenti a kansa asara ce.

A kasuwar katako ta gida, abin da ake kira walnot yawanci mansoniya ce ko lovoa na dazukan kudu. Katako ne masu kyau, amma dangi daban, kada ka biya kuɗin na Amurka.

Dusar walnot ɗin Amurka kuwa, kada ka ba mai doki ya shimfiɗa a barga. Tana kumbura wa doki cikin kofato har ya kasa tsayuwa. Kai ma rufe hancinka kafin ka kunna inji.