Yadda Ake Kiran Gayya ta Intanet Don Aikin Laburare

Mu da ke aikin laburare a Jos mun san halin da ake ciki: ma'aikata kaɗan, ga tsofaffin jaridu da hotunan zamanin haƙar kuza jibge cikin kwalaye. Gobarar da ta ci laburaren Jami'ar Jos a 2016 kuwa ta isa ta tuna mana cewa takarda ba ta da tabbas. Abin da nake ba abokan aiki shawara shi ne gayya. Ka ɗauki hoton shafukan, ka ɗora a intanet, 'yan sa kai su kwafe su. Tun 2008 babban laburaren ƙasar Ostireliya yake barin jama'a su gyara rubutun tsofaffin jaridunsa, na majalisar dokokin Amurka ma ya buɗe irin wannan shiri a 2018.

Kafin komai, duba haƙƙin mallaka. A dokar Najeriya, rubutu yana hannun magada har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Wanda bai kai ba, nemi izini a rubuce.

Hoto ba sai da babbar na'ura ba. Waya mai kyau ta wadatar, in dai akwai hasken rana kuma shafin a shimfiɗe yake.

Inda aikin yake shi ne rabo. Kada ka ce wa mutum “ga littafi, kwafe.” Ba shi shafi ɗaya, wanda zai gama kafin data ta ƙare. Ka rubuta ƙa'ida gajera: a kwafe yadda aka gani, ko da marubucin ya yi kuskure, kalmar da ta goge a sa mata alama, kada a yi cinke. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto takan mayar da ƙ, ɗ da ɓ zuwa k, d da b, sai ƙasa ta koma kasa, don haka nan ne idon Bahaushe yake da amfani. Ajami kuma ka kai wa waɗanda suka yi makarantar allo, ba kowane ɗan boko ke iya shi ba.

Shafi ba ya ƙarewa a hannun mutum ɗaya. Wikisource, dandalin intanet da 'yan sa kai ke kwafe littattafai da takardu a kai, kyauta ne, kuma tsarinsa ke nan: wani ya gyara, wani daban ya tabbatar. Ni ban yarda a sassauta wannan ba, ko da mai kwafen malamin jami'a ne.

Hotuna sun fi sauƙin jan mutane. Tura ɗaya a zauren WhatsApp ka tambaya, “Bukuru ce ko Barikin Ladi?” Jikoki za su nuna wa kakanni. Sai dai ka rubuta wanda ya ba da bayanin, kuma kada ka shigar da shi kundi sai wani ya gaskata.

Duk wanda ya yi aiki, a sa sunansa a jikin shafin in ya yarda, ɗalibai kuma a ba su takardar shaida mai hatimin laburare. Tambayar da ɗan sa kai ya turo a amsa ta a ranar, don in ta kwana biyu ba amsa, da wuya ya dawo.