Yadda Ake Hawa Tsaunin Mambila a Babur da Goyo, a Dawo a Wuni Ɗaya

Wanda ya tashi daga Serti, hedikwatar ƙaramar hukumar Gashaka a jihar Taraba, da zarar an idar da sallar asuba, zai iya hawa tsaunin Mambila a babur tare da abokin tafiya, su ba idanunsu abinci, su kuma sauko kafin magariba. Hanyar ta bi ta Mayo Selbe, inda hawan yake farawa gadan-gadan, sannan ta ɓulla Maisamari, ta wuce Nguroje, ta dangana da Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Saman tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 daga gaɓar teku, shi ya sa iskar wurin da yanayin hanyar suka sha bamban da abin da matuƙin da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya sani. Matuƙin da ya ɗauki goyo ya ɗauki amanar rai, don haka wajibi ne ya tsara tafiyar gwargwadon abin da na bayansa zai iya jurewa, ya kuma sa a ransa cewa saukowa ta fi hawa haɗari.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Nuwamba, bayan ɗaukewar damina, sa'ad da ciyawa take kore shar, hazon hunturu kuma bai riga ya rufe sararin sama ba. Damina a Mambila doguwa ce, tana somawa tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, kuma a tsakiyarta ruwa yakan zaftaro da ƙasa da duwatsu kan titi. A ganina bai kamata mutum ya kai baƙon da bai saba ba wannan hanya a Yuli ko Agusta ba.

Kwana guda kafin tafiyar, ka kai mashin wurin bakanike, kada ka bari sai da safe. Abu na farko shi ne birki, na gaba da na baya, domin yawancin baburan da muke hawa irin su Bajaj Boxer birkin ganga ne da su, wanda ba ya daɗewa kafin ya ɗauki zafi. Idan takalmin birkin ya cinye, a sauya shi, kuɗinsa kaɗan ne. Sannan a duba sarƙa, a ɗaure ta yadda za ta riƙa motsi sama da ƙasa kimanin santimita 2 zuwa 3, a kuma shafa mata mai. A zuba sabon baƙin mai, a wanke fulogi da matatar iska. Wajen mai faci kuma, ka gaya masa goyo za ka ɗauka, domin tayar baya tana buƙatar ƙarin iska: a irin waɗannan ƙananan babura, akan ɗaga ta daga awo 28 zuwa 32, amma ka bi abin da kamfanin ya rubuta a jikin mashin ɗinka. Shokozoba na baya yana da matakai, a murɗa shi zuwa mataki mai tauri don kada mashin ya riƙa durƙusawa a rami. Ka cika tanki a Serti, ka riƙe tif ɗaya sabo da fulogi da ƴan sifanu, takardun mashin kuma su kasance a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro.

Batun sutura mutane suna raina shi, alhali yana cikin abubuwan da ke ɓata tafiyar. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6, idan kuma aka haɗa da iskar da ke dukan mutum a kan mashin, wanda ya baro Serti da ƴar shara zai isa Maisamari haƙoransa na karkarwa. Ku sa rigar sanyi mai kauri, da safar hannu, da takalmi rufaffe, a ajiye silifa a gida. Hular kwano ta zama biyu, kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta ga matuƙi da fasinja. Idan matarka ko ƙanwarka za ka goya, ta sa wando a ƙarƙashin zani, ta zauna ƙafa ɗaya ta kowane gefe, ta tattare bakin hijabi ko gyale ta danne shi a ƙarƙashinta, domin ƙyalle ɗaya da ya shiga sarƙa ko wayoyin taya ya isa ya fizgo mutum ƙasa. Ka nuna mata inda salansa yake tun kafin ta hau.

Kafin ka tayar da mashin, ku yi magana ta fahimta da wanda za ka goya. Ba zai hau ba, ba zai sauka ba, sai ka dasa ƙafafunka biyu a ƙasa, ka riƙe birki, ka ce masa bismilla. Ƙafafunsa su tsaya kan mataka ko da an tsaya. Ya matso kusa da bayanka, ya riƙe ƙugunka, saboda wanda ya zauna can kan kariya yana sauƙaƙa nauyin tayar gaba, a hawa mai tsauri kuwa tana iya ɗagawa. Abu mafi wuya ga sabon fasinja shi ne kwana: idan mashin ya kwanta hagu, tsoro yakan sa shi ya miƙe dama, wannan kuma shi ke fitar da mashin daga layinsa. Ka ce masa ya riƙa leƙawa ta kan kafaɗarka da ke ɓangaren da za ku karya, jikinsa zai bi naka da kansa. Ku kuma yi alama, misali taɓa kafaɗa sau biyu na nufin a tsaya, tun da iska ba za ta bari ku ji juna ba.

Daga Mayo Selbe hanya take fara naɗewa jikin dutse, kwana na bin kwana, a hawan da mutanen yankin ke kira Biyu da Sisi. Ka sauko giya ta biyu tun kafin injin ya fara kuka, ka riƙe totur daidai, kada ka riƙa wasa da kuloci don neman ƙarfi, ƙonewa zai yi. Za ka lura mashin yana rage ƙarfi yayin da kuke ƙara sama. Ba lalacewa ya yi ba, iska ce ta yi ƙaranci, injin kuma yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300, saboda haka kada ka bari wani ya taɓa maka kafireta a bakin hanya. A kowace kwanar da ba ka hango gabanta, ka tsaya hannunka na dama, ka danna ham, ka ɗauka cewa babbar mota ko tsohuwar Land Rover shaƙe da kaya tana tafe a tsakiyar titi. Idan dole ta sa ka tsaya a kan hawa, ka taka birkin baya, ka sa giya ta ɗaya, ka saki kuloci a hankali. Idan gangaren ya yi tsanani, fasinja ya sauka ya taka ƴan taku, ba abin kunya ba ne.

Da kun ɓulla sama, ƙasa takan buɗe gaba ɗaya: tuddai masu ciyawa suna bin juna har iyakar gani, garkunan shanun Fulani a warwatse a kansu, ga layukan itatuwan turare a gefen ƙauyuka, gajimare kuma wani lokaci a ƙasa da inda kuke tsaye. Kallon na fasinja ne muddin taya na juyawa. Kai matuƙi, idan kana son naka rabon, ka nemi fili nesa da kwana ka ajiye mashin. Ku sha shayi a Maisamari, hannuwa su warware. A gaba, kusa da ƙauyen Yelwa, akwai dajin Ngel Nyaki, inda har yanzu ake samun birai nau'in cimfanzi, sannan ga gonar shayi ta Kakara a yankin Nguroje, wadda ganyenta ya lulluɓe tuddai kamar an shimfiɗa darduma. Idan shanu suka tare hanya, ka rage wuta ka jira makiyayi ya kora su.

Shawarata ita ce ku yi azahar a Nguroje ku juyo. Gembu da kogin Donga sun cancanci a gan su, sai dai wanda ya nace sai ya kai can ya dawo a rana ɗaya zai sauko dutsen cikin duhu da gajiyayyen fasinja. Mai son Gembu ya shirya kwana.

A saukowa ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne kisa, wato kashe inji ko sakin mashin a furi don tsimin mai. Idan aka yi haka, nauyin mutum biyu da na mashin duk yana komawa kan birki, ganga ta yi zafi, takalmin ya daina kamawa, sai matuƙi ya taka ya ji babu komai a daidai lokacin da kwana ta tunkaro. Ka sauko da giyar da ka hau da ita, ta biyu, wani wurin ma ta ɗaya, ka bar injin ya riƙe mashin. Birki kuma a kama shi gaba da baya tare, da ɗan ƙarfi, kafin a shiga kwana, sannan a sake shi ya sha iska, maimakon a ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa. A kan tsakuwa ko laka, ka sassauta na gaba. Fasinja ya matse gwiwoyinsa jikin kujera, ya riƙe kariya da hannu ɗaya don kada nauyinsa ya turo ka kan tanki. Idan ka ji ƙaurin birki, ko ka ga matakin birkin yana nutsewa fiye da yadda ya saba, ka tsaya nan take a wuri mai faɗi, ku jira ya huce da kansa na minti goma sha biyar, kada a watsa masa ruwa. Idan hazo ya rufe hanya, ka kunna fitila a ƙasa, ka rage gudu yadda za ka iya tsayawa cikin iyakar abin da kake gani, idan kuwa ya yi kauri har ba ka hango gefen titi, ku koma Maisamari ku nemi masauki.